Boila na ƙugi, radiyeta ta ƙi ɗumi: wankin inji, na sinadari, ko a cire a wanke da tiyo?

Da zarar sanyin Oktoba ya shigo Birtaniya aka buɗe ɗumin gida, bayan boila, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida da na wanka, ta yi watanni ba ta dafa komai sai ruwan wanka, koke-koke ke farawa a tsakanin mutanenmu mazauna can. Wannan boilarsa na ƙugi, wancan bututu na bugawa cikin dare, wata kuma radiyetar falonta, wato ƙarfen da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki, ta yi zafi a sama amma ƙasanta sanyi ƙalau. A kira mai gyara, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce laka ta cika layin, wato bututu da radiyetocin da ruwan ɗumin ke zagayawa a ciki, sai an yi wankin inji, abin da suke kira fawa fulash, kuma kuɗin zai kai fam 500 ko fiye. Wanda ya taso a Kano ko Damagaram, inda zafi ake gudu ba sanyi ba, ba shi da ma'aunin da zai auna wannan magana da shi. Ko dai ya biya alhali aikin bai kai haka ba, ko ya ƙi biya ya bar boilar tana ci gaba da lalacewa. Ta kowane gefe asara ce.

Hanyoyin fitar da lakar sun kai huɗu, kuma tambaya ɗaya ce ke raba su: har yanzu ruwa na iya ratsawa ta wurin da lakar take, ko ya daina? Wanda ya samu amsar wannan ya gama rabin zaɓinsa. Amma kafin nan sai an tabbatar lakar ce ma ke kawo ƙarar.

Ita dai lakar ba daga waje take shigowa ba, a cikin layin ake haifar ta. Radiyeta ƙarfe ce, bututun yawanci jan ƙarfe ne, ruwa kuma na ɗauke da iskar oksijin. Idan babu maganin hana tsatsa a cikin ruwan, ko ya yi rauni, cikin radiyeta zai riƙa cinyewa a hankali, ya zama baƙin gari mai laushi da maganaɗisu ke kamawa. Saboda nauyinsa, yana kwanciya a inda gudun ruwa ya yi sanyi, wato gindin radiyeta daga tsakiya. Shi ya sa za ka ji sama da gefuna da zafi, tsakiyar ƙasa kuwa babu komai. Sauran garin da bai kwanta ba yana yawo, yana cin famfon da ke tura ruwan, yana maƙalewa a bawul, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya ko ya rufe ta, yana shiga zuciyar boila inda wuta ke dafa ruwa. Tun Afrilun 2005 doka ta wajabta cewa sabuwar boilar gas da za a sa a Ingila da Wales ta zama irin mai tsimin gas ɗin nan da ke sake cin moriyar zafin hayaƙinta, kuma hanyoyin ruwan da ke cikin irinta sun fi na tsofaffin boiloli ƙunci nesa ba kusa ba. Dauɗar da tsohuwar boilar baƙin ƙarfe ke haɗiyewa shekara ashirin ba ta ce uffan ba, sabuwa tana iya shaƙe ta cikin 'yan shekaru.

Sai dai ba kowace ƙara ce ta laka ba, kuma a nan ne aka fi cin kuɗin mutane a banza. Idan saman radiyeta ne ke da sanyi, kana kuma jin ruwa na ƙulu-ƙulu a ciki, iska ce ta taru. Ɗan makullin da bai kai fam 2 ba zai fitar da ita. Idan ƙarar tik-tik ce da ke tashi 'yan mintuna bayan an kunna ɗumi, ta sake tashi idan an kashe, bututu ne ke miƙewa da zafi yana goga katakon da ke ƙarƙashin daɓe. Ko sau goma aka wanke layin ba za ta daina ba, sai an buɗe wurin an sa masa abin da zai raba shi da katakon. Bugawa da ƙarfi a daidai lokacin da ɗaki ya fara ɗumi yakan fito ne daga bawul mai lambobi, na saita zafin ɗaki, da aka ɗaura a gefen da ba nasa ba, musamman tsofaffin da ke karɓar ruwa ta fuska ɗaya kawai. Shuuu mai ɗorewa a cikin bututu kuma sau da yawa famfo ne aka sa wa gudu fiye da kima. Akwai kuma radiyetar da ke nesa da boila da ba ta ɗumi sam saboda na kusa sun kwashe ruwan. Wannan daidaita bawul-bawul take so, aikin awa ɗaya ko biyu da ƙaramar sifana.

Ƙarar da ta cancanci a damu da ita ita ce ta cikin boilar kanta, mai kama da butar shayi ta kusa tafasa, wani lokaci har da fashe-fashe. Abin da ke faruwa shi ne wani abu ya lulluɓe bangon da wuta ke dukawa, ko kuma ruwan ba ya wucewa da sauri, sai ya tafasa a wuri ɗaya ya zama tururi, tururin ya haɗu da ruwa mai sanyi ya fashe. Laka na jawo haka. Farin ɓawon nan da ke kama gindin butar lantarki ma na jawo haka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ke Landan ko kudu maso gabashin Ingila, inda ruwa ke ratso ƙasar alli, ya sa ɓawo a lissafinsa. Wanda ke Manchester, da ruwanta ke zuwa daga yankin tafkuna na arewa maso yamma, ko Birmingham da ke shan ruwan kwarin Elan na Wales, ko Glasgow da ke sha daga tafkin Katrine, ruwansa mai laushi ne, wato ba shi da alli sosai, don haka zargi ya fi faɗawa kan laka. A lura da abu ɗaya: layin ɗumi ruwa ɗaya yake juyawa, ɓawon da cikawa ɗaya za ta kawo bai taka kara ya karya ba. Idan ɓawo ya yi yawa har boila ta fara ƙugi, to akwai inda ruwa ke zuba ana ta ƙara sabo.

Gwajin da mutum zai yi da kansa ba shi da wuya. Ka buɗe ɗumi ya yi rabin awa da dukkan bawul a buɗe, ka bi radiyetocin ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, sama, tsakiya, ƙasa, ka rubuta waɗanda ke da sanyi a gindi. Sannan ka tari ɗan ruwa a farin kofi, zai fi kyau daga famfon zubarwa da ke ƙasan layin, domin ruwan da ke fitowa ta ramin fitar da iska daga sama yake kuma yana iya fitowa fes alhali gindi ya cika. Ruwa mai ɗan duhu ba abin tashin hankali ba ne. Baƙi ƙirin mai gari a ƙasa, wanda garin ke bin maganaɗisu idan ka kanga shi a jikin kofin, shi ne shaidar laka. Idan gidanka na da ƙaramin tankin ɗumi a cikin rufi, ka ɗora maganaɗisu a kan bututun jan ƙarfe a daidai inda bututun tankin ya haɗu da babban layi. Jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu. Idan ya maƙale, to tsatsa ta daskare a ciki. Wannan wurin babu inji ko sinadarin da na yarda zai buɗe shi, yanke shi ake yi a sa sabo.

To, mu ce an tabbatar laka ce. Hanya mafi araha ita ce sinadarin wanki. Ana zuba kwalba ɗaya, irin su Sentinel X400 ko Fernox F3, ana samun su a shagunan Screwfix da Toolstation a ƙasa da fam 30, sai a bar ɗumin gida na aiki yadda ya saba. Litar Sentinel ɗaya tana isar layi mai ruwa lita 100, wato gida mai radiyeta takwas zuwa goma. X400 an yi shi ne a bar shi ya daɗe, har makonni 4. Wasu kuma kwanaki kaɗan ko awoyi suke so, saboda haka a bi abin da ke rubuce a jikin kwalbar. Wuri mafi sauƙin zubawa shi ne radiyetar tawul ta banɗaki, domin tana da murfi a sama. Sinadarin ba narkar da ƙarfen yake yi ba, ɗaga shi yake yi ya riƙa yawo a cikin ruwa don ya fita idan an zubar. Saboda haka zubarwar ita ce ainihin aikin, kuma nan mutane ke yin kasala. Zubarwa sau ɗaya ba ta isa. Sai an cika, an kunna, an zubar, an maimaita har ruwan ya fito fari. Wanda ya ɗaga laka ya bar rabinta a ciki ya tura ta ne kai tsaye zuwa boilarsa.

Iyakar wannan hanya a fili take. Sinadari yana zuwa ne inda ruwa ke zuwa kawai. Kwatar da ta toshe ƙam, ko buhun omo ka juye mata, a bakinta zai tsaya. Idan radiyetocin duka suna ɗumi, gindinsu ne kawai ya ɗan rage, sinadari ya ishe ka, kuma ba na ganin dalilin biyan ɗaruruwan fam. Idan kuwa akwai wadda rabinta ya mutu, ruwan zai bi ta samanta ya wuce, ya bar tudun lakar yadda ya same shi.

Irin wannan radiyetar ce hanya ta biyu ta fi dacewa da ita, kuma ita ce wadda masu gyara ba su cika ambata ba duk da cewa tana aiki sosai: a cire ta, a fitar da ita waje, a sa mata tiyo. A kashe boila a bar layin ya huce. A rufe bawul na gefe biyu, ana ƙirga juyin da aka yi wa wanda ba shi da lambobi domin a mayar da shi daidai inda yake, in ba haka ba daidaiton gidan ya rikice. Shi kuma mai lambobin kada a amince da shi don an juya shi zuwa ƙarshe. Wasunsu suna buɗe kansu idan ɗaki ya yi sanyi, gara a cire kan a ɗaura murfin da ke danne shi, ko a toshe bakin. A tare ruwan a faranti, a toshe ramukan biyu, a kifa radiyetar kafin a ɗauka, domin baƙin ruwan nan idan ya ɗiga a kafet ya zauna ke nan. A waje a sa tiyo ta wannan gefe, a juya ta wancan, ana bubbuga gindin da gudumar roba har ruwa ya fito fari. Babu injin da zai tsabtace radiyeta guda fiye da haka, kuma ba ka biya komai ba sai ƙarfinka. Illarta ita ce nauyi, domin babbar radiyeta mai fuska biyu aikin mutum biyu ce, sannan ba ta taɓa bututu da boila. Shi ya sa na fi son a haɗa ta da sinadari: a fara zuba sinadarin ya yi kwanakinsa, sannan a cire biyu ko uku da suka fi muni. Idan ka ga tsatsa ta fara kumbura fenti a gindin wata, kada ka wahalar da kanka, sabuwa matsakaiciya ba ta da tsada, a canza ta.

Akwai hanya ta uku da ke tsakiya, wadda kamfanin Adey ya fito da ita da sunan MagnaCleanse. Mai gyara yana haɗa manyan maganaɗisu a layin na ɗan lokaci, ya zuba sinadari mai saurin aiki, ya bar famfon gidan na tura ruwan zafi, shi kuma yana bin radiyetocin da na'urar girgiza yana tayar da lakar. Aikin 'yan awoyi ne, yawanci ya fi wankin inji araha, kuma ba ya takura wa tsohon layi. Amma tunda da famfon gidan ya dogara, idan zagayen ruwan ya riga ya yi rauni, shi ma rauni zai yi.

Sai babban, wankin inji. Ana haɗa inji mai ƙarfi a gurbin famfo, ko a bakin wata radiyeta, ko a wurin matatar maganaɗisu mai tace ruwan layin. Mutane na tsoron zai fasa musu bututu, amma ba matsi yake amfani da shi ba, gudu ne: matsinsa ba ya wuce kusan bar 2 (bar shi ne ma'aunin matsi), ƙasa da bar 3 da bawul ɗin kariya na boila ke buɗewa. Ƙarfinsa na cikin yawan ruwan da yake turawa da kuma juya alƙiblarsa gaba da baya. Mai aikin kirki zai rufe dukkan radiyetoci ya bar guda, ya tura mata dukkan gudun, ya girgiza ta, ya zubar har ta fito fari, sannan ya koma ta gaba. Wannan shi ne abin da kake biya, kuma shi ya sa a gida mai radiyeta takwas ko goma aikin kan cinye mafi yawan yini. Wanda ya zo ya gama cikin awa biyu ya tafi, ruwa kawai ya canza maka. Farashi ya danganta da yawan radiyeta da garin da kake, daga wajen fam 300 har 800, manyan kamfanoni na can sama.

Yaushe ya cancanci kuɗinsa? Idan radiyetoci da yawa sun mutu a gindi, ruwan baƙi ƙirin, famfo ko bawul sun riga sun lalace sau ɗaya saboda dauɗa, to kada ka ɓata makonni da kwalba. Haka kuma idan za a sa sabuwar boila a kan tsohon layi mai datti. A nan ba na jayayya da mai gyara ko kaɗan. Ƙa'idar BS 7593 ta 2019 ta tanadi a wanke layi, a sa matata, a zuba maganin hana tsatsa, kuma kamfanonin boila suna duba takardar Benchmark da mai ɗaurawa ya cike. Garantin shekara goma da aka yi maka talla da shi ba ya ɗaukar ɓarnar da dattin layi ya jawo. Ƙa'idar dai ba ta ce dole sai inji ba, tsabtar layi take nema. Idan layinka bai tsufa ba kuma ruwansa fari ne, wankin sinadari ya wadatar, kuma kana da haƙƙin tambayar me ya sa aka sa maka na inji a cikin lissafi.

Akwai gidajen da zan ce a yi taka-tsantsan. Na farko masu siririn bututu na milimita 8 ko 10, maimakon 15 da 22 da aka saba, wanda aka yi ta sawa a gidaje da yawa tun daga shekarun 1970. Injin ba ya samun gudun da yake buƙata a cikinsa, kuma ɓarɓashin da ya ɓalle daga radiyeta yana iya toshe shi gaba ɗaya. A irin wannan gida sinadari mai daɗewa tare da cire radiyetoci ya fi aminci. Na biyu gidan da radiyetocinsa suka haura shekara ashirin da alamun tsatsa a jiki. Wani lokaci tsatsar ce ke toshe ƙananan hudoji, idan aka wanke ta sai ɗiga ya bayyana. Ba injin ne ya huda ba, amma kai ne za ka biya, kuma kada garin neman gira a rasa ido: kuɗin wankin gara a zuba su a sababbin radiyetoci. Na uku mai boilar kombi, wadda ke ba da ruwan wanka nan take ba tare da tanki ba, idan matsalarsa ruwan shawa ne ke zafi yana sanyi. Yawanci ƙaramin farantin musayar zafi ne a cikin boilar ya toshe da ɓarɓashi, kuma wanke layi kaɗai ba lallai ya buɗe shi ba. Cire shi ake yi a wanke ko a canza. Idan kuma ɓawo ne ya kama zuciyar boila, sinadarin laka ba ya cin sa. Akwai masu rage ƙara irin su Sentinel X200 da Fernox F2 da ake bari a cikin ruwan, akwai kuma wankin asid, wanda ba na ba kowa shawarar ya yi da kansa, musamman idan zuciyar boilar ta alminiyam ce. Duk aikin da ya kai ga buɗe murfin boila na mai rajistar Gas Safe ne, rajistar da ta maye gurbin CORGI a 2009. Ka nemi ganin katinsa, ba rashin kunya ba ne, su ma sun san haka ake yi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya biya fam 600 a wanke masa layi tas, bayan shekara uku lakar ta dawo, saboda babu wanda ya tambayi daga ina oksijin ke shiga. A layin da ke rufe, wato wanda ba shi da tanki a rufi, agogon matsi ya kamata ya zauna tsakanin bar 1 da 1.5 idan layin ya huce. Idan kana ƙara ruwa duk bayan 'yan makonni, kowace ƙarawa sabuwar iska ce, kuma tana tsinka maganin hana tsatsa. A nemo inda yake zuba, ko a duba tulun faɗaɗawa na boilar, wanda ke karɓar ruwan idan ya kumbura da zafi. A layi mai tanki a rufi, ka hau ka leƙa lokacin da famfo ke aiki: idan bututun da ya lanƙwaso kan tankin yana zubo ruwan ɗumi, layin na shaƙar iska kullum, kuma gyaran wannan ya fi kowane wanki muhimmanci. Radiyetar da kullum sai an fitar mata da iska ma alama ce, domin cin ƙarfen da kansa yana haifar da gas da ke taruwa a sama.

Kowace hanya ka bi, abu biyu ba a tsallake su. Maganin hana tsatsa, irin su Sentinel X100 ko Fernox F1, ana zuba shi da zarar an gama wanki, a auna ƙarfinsa duk shekara lokacin sabis, a sake zuba sabo duk shekara 5, ko duk lokacin da aka zubar da ruwan layi don wani gyara. Sai matatar maganaɗisu, irin MagnaClean ko Fernox TF1, wadda ake ɗaurawa a bututun da ke komawa boila. Kuɗinta wajen fam 100 ne ban da na aiki. Ba za ta ciro lakar da ta kwanta a radiyeta ba, abin da ke yawo take kamawa, amma shi ne abin da ke kashe boila. Da za a ce in zaɓi tsakanin wankin inji babu matata, da wankin sinadari tare da matata, a gidan da bai toshe ba, na biyun zan ɗauka. Zai fi kyau ma a ɗaura ta kafin a zuba sinadarin, ana buɗe ta ana gogewa duk bayan 'yan kwanaki, domin ta tare abin da ya tashi.

Ga wanda ke haya, duk wannan ba daga aljihunsa ya kamata ya fito ba. A Ingila, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida kula da kayan ɗumi da na ruwan zafi. Ka rubuta masa ko wakilinsa, ka ajiye kwafi, ka haɗa da bidiyon ƙarar da jerin radiyetocin da ba sa ɗumi, kuma kada ka zuba wani sinadari ko ka cire radiyeta ba da izininsa a rubuce ba.

Mai gidan kansa da ya yanke shawarar wankin inji ya nemi farashi daga mutum biyu ko uku, kuma ya fi kyau a yi aikin kafin Oktoba, lokacin da masu gyara ke da sarari kuma yini ɗaya babu ɗumi ba zai takura wa yara ba. Ka tambaya tun kafin ya zo: awa nawa zai yi, zai bi radiyeta ɗaya-ɗaya ne, wane sinadari zai sa, maganin hana tsatsa da matata na cikin farashin, kuma wa zai ɗauki nauyi idan wani wuri ya fara ɗiga. A ranar ka kasance a gida. Ka ga ruwan farko da ya fito da na ƙarshe, ka sa ya auna zafin gindin kowace radiyeta kafin aiki da bayansa, kuma ya ba ka takarda mai kwanan wata da sunan maganin da ya zuba, ka ajiye ta tare da takardun boilar. Bayan wata ɗaya ka buɗe matatar ka goge, domin ragowar garin da ya saki yana ci gaba da zuwa na ɗan lokaci.